Everest, Mustang, Butan ko Manaslu: wace hanya ta cancanci kuɗinka?

Duk kamfanin da ke tallar tafiyar ƙafa a tsaunukan Himalaya hoto iri ɗaya zai ɗora maka a Facebook: farin tsauni a baya, tutocin addu'a masu launi biyar suna kaɗawa, ga wani sufin addinin Buda cikin jan mayafi. A ƙasa kuma a rubuta cewa kuɗi ɗaya zai ba ka hawan dutse da ziyarar tsofaffin gidajen ibada, har da ɗan jagora. A talla duk kanwar ja ce. Sai an sa ƙafa ake gane cewa wata hanyar cunkoso ce zalla, wata ƙura, wata kuma takardun izini ne za su cinye rabin guzurinka. Ni ba zan ɓoye zaɓina ba: kewayen tsaunin Manaslu a ƙasar Nefal, in da hali a haɗa shi da kwarin Tsum.

Hanyar sansanin Everest ita kowa ya sani, kuma ba abin rainawa ba ce. Gidan ibadar Tengboche, a tsayin mita 3,867, yana da tarihi: an kafa shi a 1916, girgizar ƙasa ta rushe shi a 1934, gobara ta cinye shi a 1989, aka sake ginawa, har yau kuma ana bikin Mani Rimdu a can da kaka. Amma a watan Oktoba, tsakanin Lukla, inda tafiyar ke farawa, da garin Namche sai ka rantse Kantin Kwari ne ranar jajiberin salla. Ana layi a bakin gada, jirage masu saukar ungulu na ta zirga-zirga a kanka. Jirgin Lukla ɗin ma, in baƙi suka yi yawa, daga Ramechhap yake tashi, tafiyar awa huɗu zuwa biyar a mota daga Katmandu cikin dare, hazo kuma kan zaunar da mutum kwana da kwanaki a filin jirgi.

Sauran ba za su ɗauke mu lokaci ba. Kewayen Annapurna titin mota ya cinye mafi yawansa. Mustang ta sama, a arewacin Nefal, tana da birnin Lo Manthang mai ganuwa da zane-zanen bango na ƙarni na 15, sai dai izini kaɗai dala 50 ne kowace rana, jif kuma na wucewa yana yi maka wanka da ƙura. Butan ta masu hannu da shuni ce: harajin dala 100 kowane dare kafin a zo maganar ci da kwana, shi kuwa Taktsang, gidan ibadar da ke manne a jikin dutse da ake ta ɗauka a hoto, tafiyar yini guda ce. A Tibet ba ka motsi sai da izini na musamman daga hukumomin Sin. Ladakh ta Indiya ce kaɗai zan ɗaga wa ƙafa, don tana yiwuwa daga Yuni zuwa Satumba lokacin da damina ta rufe mafi yawan Nefal, ga gidajen ibadar Hemis da Thiksey. Aibinta, jirgi ne zai ajiye ka kai tsaye a Leh, wajen mita 3,500, jiki bai shirya ba.

To, Manaslu. Tsauni ne mai mita 8,163, na takwas a duniya, ayarin 'yan Jafan ne ya fara kai wa ƙololuwarsa a 1956, kuma sai a 1991 aka buɗe yankin ga baƙi. Abin da ya sa na fifita shi, hanyar daga ƙasa take farawa. A Machha Khola ba ka ma kai mita 1,000 ba, ana zufa, ga gonakin shinkafa da tamba da ayaba. Daga nan kana bin kogin Budhi Gandaki kullum ana ƙara hawa kaɗan-kaɗan, jiki na sabawa da ƙarancin iska ba tare da an matsa masa ba. Ƙasar kuma tana sauyawa a gaban idonka. Bayan Namrung sai gidaje su koma na dutse, harshe da sutura su koma irin na Tibet, kowane ƙauye kuma ta wata ƙofar dutse ake shigarsa, wadda in ka ɗaga kai za ka ga rufinta cike da zane.

A nan addinin Buda ba ya jiran baƙo. A bakin hanya akwai dogayen katangu na fala-falan duwatsu, kowane dutse an sassaƙa masa addu'a, wasu rubutun har ya shafe don tsufa. Ta hagu ake wuce su, katangar ta kasance a damanka. Za ka ga tsohuwa ɗauke da kwandon kashin shanu a baya, hannunta ɗaya na juya ɗan gangan addu'a, ta zo daidai katanga ta karkata hagu ko kallo ba ta yi ba. A ƙauyen Lho, gidan ibadar Ribung yana kan tudu, cike da yara masu koyon karatu. Da asuba ƙaho da ganga ke tashin gari, fitilun man shanu na ci a jere, Manaslu kuma na tsaye a bayan ginin. A Samagaon, mita 3,530, ake hutun yini, a hau zuwa gidan ibadar Pungyen ko tafkin Birendra a dawo a kwana.

Kwarin Tsum sai a 2008 aka buɗe shi. Ana ratsewa ne bayan Philim, zai ƙara maka kamar mako guda, kuma ya fi ko'ina a tafiyar. Akwai Rachen, gidan ibadar mata, akwai kogon da ake dangantawa da Milarepa, wani tsohon sufin Buda na Tibet, sai gidan ibadar Mu Gompa a ƙurya, wajen mita 3,700. Tun 1920 mutanen kwarin suka ɗauki alkawarin ba yanka ba farauta a ƙasarsu, har yau suna riƙe da shi.

Manaslu na da nasa wahalar. Masaukin Dharamsala, zangon ƙarshe kafin mashigin Larkya La mai mita 5,106, matsattse ne ga sanyi mai shiga ƙashi, kuma tun ƙarfe uku ko huɗu na dare ake tashi don a tsallake kafin iska ta taso. Gangarowa zuwa Bimthang kuwa gwiwa ce ke biya. Yankin na cikin waɗanda aka taƙaita shiga, dole sai ta hannun kamfani mai rajista da jagora mai lasisi, ana kuma duba takardu a Jagat. Ni wannan alheri na ɗauke shi, don shi ya rage tururuwar mutane.

Yanzu ga ma'aunin da na fi dogara da shi wajen tace kamfani, kuma ba farashi ba ne: a ƙirga ranakun hutu. Masana lafiyar tsaunuka sun ce in an haura mita 3,000, kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, a kuma huta yini guda duk bayan kwana uku ko huɗu. Ka tuna Chappal Waddi, tsauni mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne, wato filin jirgin Lukla ma ya fi shi. Sannu ba ta hana zuwa. Kamfanin da ya ce zai kewaya da kai Manaslu a kwana 10 ranakun hutunka ya yanke ya sayar maka da araha.

Na san wannan ne a jikina. Wani kamfani a unguwar Thamel ta Katmandu, ba zan kama suna ba, ya taɓa haɗa mana tafiyar Everest. A takarda akwai hutun yini a Namche. Da muka isa sai jagoran ya ce ai duk mun yi ƙarfi, a wuce. Tun daren farko kuma ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ɗaukar hoton takardar inshora. A Dingboche abokin tafiyata ya tashi da ciwon kai, yana cin abinci, yana tafiya daidai. Jagoran bai ce a huta ba, bai ce a sauka ƙasa ba, ga kuma ɗakin shan magani na ƙungiyar ceto ta Himalaya a Pheriche nan kusa, bai ko ambace shi ba. Waya kawai ya zaro yana cewa jirgi zai iso cikin awa guda, "ai inshora ce za ta biya". Muka ƙi, muka gangara Pheriche, likita ya duba shi ya ce ya huta. Jagoran bai sake sakin fuska ba har muka rabu.

Wannan sana'a ce, ba tsautsayi ba. A 2018 rahotannin jaridu da binciken gwamnatin Nefal suka bankaɗo haɗin baki tsakanin wasu kamfanonin yawo, masu jirage da wasu asibitoci masu zaman kansu. A sayar da tafiya ƙasa da abin da za a kashe, a gaggauta hawa har baƙo ya jigata, a kira jirgi, kowa ya karɓi kamashonsa daga kuɗin inshora. An samu inda aka kwaso mutane da yawa a jirgi ɗaya amma aka caji kowannensu kuɗin jirgi sukutum. Har zargi aka yi cewa wasu na barbaɗa bekin soda a abinci don cikin baƙo ya ɓaci. Saboda haka farashin da ya faɗi warwas ƙasa da na kowa abin tsoro ne, araha ba ta ado. Kada dai a fahimce ni a baibai: in mutum ya fara tangaɗi kamar mashayi, ko magana ta rikice masa, ko yana haki alhali a zaune yake, ko tari da kumfa, to ruwa ne ya taru a huhu ko ƙwaƙwalwa ta kumbura. Wannan a sauke shi nan take ko da tsakar dare ne, jirgin kuma halalinsa ne. Don haka inshorar dole ce, a kuma karanta ta da kyau, da yawa ba sa biya in an wuce wani tsayi. Nemi wadda ta kai mita 6,000.

Kafin ka tura kuɗin kafin alƙalami, nemi lambar rajistar kamfanin ka duba ko yana cikin TAAN, ƙungiyar kamfanonin tafiyar ƙafa ta Nefal. Nemi sunan jagoran da hoton lasisinsa, don wasu dillalai ne kawai masu shafin intanet, su karɓi kuɗi su miƙa ka ga wanda ya fi araha. A rubuta maka wurin kwanan kowane dare da tsayinsa. Tambayi nauyin da ɗan dako zai ɗauka, in ya wuce kilo 25 da yawa ka san irin mutanen da kake hulɗa da su. Kada ka biya duka kafin ka isa, kuma kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya.

Akwai abu uku da suka shafe mu musamman. Mai fasfon Najeriya, Gana ko Kamaru ba a ba shi bizar Nefal a filin jirgi, sai ya nema tun kafin tafiya, don haka duk wanda ya ce maka "ka taho za mu shirya a can" ƙarya yake. Na biyu, gwajin jini: mai AS, ba mai sikila kaɗai ba, na iya samun matsalar saifa a irin wannan tsayi, sai a ga likita kafin a sayi tikiti. Na uku abinci. Naman da ke sama ba yankan Musulmi ba ne, kuma a bayan 'yan dako ake ɗauko shi kwana da kwanaki ba firji. Dal bat, wato shinkafa da miyar wake da ganye, ta wadatar, ana ma ƙara wa mutum kyauta. A gidajen ibada kuwa kallo ka je yi: cire takalmi, nemi izini kafin hoto, in an miƙo maka abin da zuciyarka ba ta kwanta da shi ba ka ƙi cikin ladabi, ba mai jin haushi.

Sai jabun kaya, wanda Thamel ta ƙware a kai. Rigar sanyi mai tambarin North Face a kan kuɗin da bai kai na takalmin roba ba, kowa ya san labarinta, kuma don yawo a ƙasa ba laifi. Amma jakar barci da aka rubuta wa tana jure sanyin digiri 20 ƙasa da sifili, a Dharamsala za ka gane ƙarya ce, lokacin babu kasuwa. Ita da takalmi kada a yi musu rowa, takalmin kuma a saba da shi tun daga gida. Zanen tanka, wato hoton addinin Buda a kan ƙyalle, da ake cewa wani sufi ya shekara yana yi, sau da yawa bugun inji ne aka bi da fenti, kusanto da ido za ka ga ɗige-ɗigen bugu. Mutum-mutumin da aka ce ya shekara 300 hayaƙi aka turara masa ya yi baƙi. In ma da gaske tsoho ne, dokar Nefal ta hana fitar da kayan tarihi da suka haura shekara 100, a filin jirgi za a karɓe shi, mai shagon kuma ya riga ya ƙirga kuɗinsa.