Malamar piyano ta Surulere: ta iya koyarwa, amma sai ka jure kalandarta

Ga masu tambayata inda 'yata ke koyon piyano a nan Legas da kuma ko kuɗin da nake zubawa yana biya, to yana biya, sai dai ba kowa zai iya da tsarin matar nan ba. Sunanta kam ba zan sa ba don wurin gidanta ne, falo ɗaya ta ware a Surulere, ba allo a ƙofa ba talla, mu ma ta bakin wata 'yar kwayarmu ta coci muka ji labarinta.

Ni ɗan kibod ne tun muna Jos, a coci na koya, da kunne da do-re-mi, a ta da waƙa kawai in lalubo ki ɗin in bi. Na iya raka mawaƙa amma a ajiye min takardar kiɗa gabana to sai dai kallo, shi ya sa na ce yarinyar nan ba za ta tsaya inda na tsaya ba. Malamar kuwa makaɗiyar dandali ce har gobe, tana yin wasa ita kaɗai, tana kuma raka masu waƙar opera da 'yan goge irin na Turawa. Kafin in biya ko sisi sai da na je na ji ta a Agip Recital Hall da ke MUSON Centre a Onikan, cibiyar ƙungiyar kiɗan nan da su marigayi Akintola Williams suka kafa a 1983. Ta buga Pathétique ta Beethoven, kashi uku ne kuma ba a tafi a tsakaninsu, duk wanda ya tafa sai ka ga ana juyowa ana kallonsa. Amma abin da ya kama ni shi ne Ukom, daga cikin Talking Drums na Joshua Uzoigwe, mai tsara kiɗa ɗan Najeriya wanda ya rasu a 2005. Hannun hagu na riƙe da bugu ɗaya yana maimaitawa, na dama na ta magana a kai, wallahi kamar kana tsaye gaban mai kalangu yana kiran sunan wani. Daga baya take gaya min salon nan Akin Euba ne, wani mai tsara kiɗa ɗan Najeriya, ya raɗa masa suna African pianism, wato a sa piyano ya yi aikin ganga, kuma duk ɗalibinta da ya ɗan yi ƙwari sai ta ba shi irin wannan ko da guda ɗaya ne, ba Bach da Chopin kullum ba.

Wannan hawa dandalin da take yi shi ne ribar kuɗinka. Ba ta cewa yaro "buga a hankali" ta koma danna waya, zama take ta buga layin sau biyu, ɗaya yadda yarinyar ta yi ɗaya yadda ya kamata, sai ta ce "wanne ya fi daɗi, me ya sa?" Da farko 'yata shiru take yi, yanzu har gardama suke. Makonnin farko ma kusan ba kiɗa, daga zaman kujera sai lanƙwasa yatsu sai sakin kafaɗa, har uwarta ta fara cewa anya ba kuɗinmu ake ci ba. Ni dai da na ga yadda nawa wuyan hannun ke ƙagewa in na daɗe ina bugawa ran Lahadi sai na ce a bar ta ta yi aikinta.

Piyanonta na gaske ne, Yamaha mai tsaye, madannai 88, kuma tana kula da shi don damshin Legas ba ya barin katako da waya su zauna lafiya, mai saiti na zuwa a kai a kai. Daɗinsa ko an ɗauke wuta darasi bai tsayawa, sai dai janareton maƙwabta ya dame ku. Nan ne kuma kashe kuɗi na biyu ya ɓullo, don ta ce kibod ɗina mai madannai 61 ba zai yi wa yarinya atisaye a gida ba, madannansa ba nauyi, yatsa ba zai yi ƙarfi ba. Na ɗan ji haushi gaskiya, kibod ɗin da ya yi bukukuwan aure ba adadi! Amma dai muka nemo na hannu mai nauyin madannai, irin Yamaha P-45 ɗin nan, kuma bambancin a fili yake.

Batun jarrabawa, tana shirya yara wa ta ABRSM, hukumar jarrabawar kiɗa ta Ingila, giredi 1 zuwa 8, akwai kuma ta MUSON ga mai so. A ta ABRSM ɗin maki 150 ne, 100 ka ci, 120 merit, 130 distinction, kiɗa uku kowanne maki 30, sai sikel (hawa da saukar do-re-mi), sai a ba ka takardar da ba ka taɓa gani ba ka buga nan take, sai gwajin kunne. Kuma ba ka shiga giredi 6 sai ka ci tiyori na giredi 5 ko makamancinsa, to ita tun daga farko take haɗawa da tiyorin don kar yaro ya je can ya maƙale. Ba ta da gaggawar tura yaro jarrabawa ko kaɗan, akwai wata uwa da ta cire ɗanta saboda haka, ita satifiket take so ta kai makaranta. Da yadda naira ta faɗi tun 2023 kuɗin rajistar ma ba wasa ba ne, gara a shiga sau ɗaya a ci.

Inda take ban haushi shi ne lokaci. In wasa ya matso, musamman wajen Disamba da ake ta kiɗe-kiɗen Kirsimeti, sai saƙo ya shigo WhatsApp da daddare wai a ɗaga darasin gobe tana da rihaza, wato atisayen wasa. Tana ramawa, ba ta taɓa cin mana darasi ba, amma ranar ramuwar ita ke zaɓa, kuma wanda ya san gosilon Ojuelegba da yamma ya san ba ƙaramin abu ba ne a sauya maka rana. Kai kuwa in ka fasa ba ka sanar da wuri ba kuɗinka ya tafi, na faɗa mata wannan ba adalci ba ne, dariya kawai ta yi ta ce "Baban yarinya, haka dokar take." Kuɗin wata ana biya tun farko, kuma ya fi abin da nake biya na lesin ɗin lissafi da Turanci a haɗe. Wurin ajiye mota babu, iyaye a baranda suke jira, sauro kuma sai ka zo da maganinka.

Wanda burinsa yaro ya fara raka kwaya nan da wata uku kar ya zo nan, ya nemi ɗan kibod na cocinsu zai fi masa sauri da araha, ita ba ta koyar da bin waƙa da kunne irin namu, wannan ni nake koya wa 'yata a gida ran Asabar. Wanda kuma ke son yaro ya karanta takarda ya kuma san sautin da yake fitarwa, kuma zai iya tsare shi ya yi atisayen minti 20 zuwa 30 kullum don tana ganewa tun layin farko in ba a yi ba, to ya gwada. Tana karɓar manya ma da safe a ranakun aiki, amma layin jira ne, sai wani ya bari ake samun gurbi.