Na biya dala 575 don a nuna mini aibin gidana kafin in sa shi a kasuwa

Shekara goma sha biyar muka yi a gidanmu da ke unguwar Alief, a kudu maso yammacin birnin Houston na jihar Texas, kafin aiki ya tilasta mana ƙaura zuwa Dallas. Gida ne na jan bulo mai ɗakin kwana uku, an gina shi a 1977, kuma kamar akasarin gidajen wannan yanki, a kan daɓen kankare yake zaune. A tsarin cinikin gida a Texas, idan mai saye ya sa hannu a yarjejeniya, yakan biya wasu 'yan kuɗi domin a ba shi wa'adin kwanaki da zai iya fasa cinikin ba tare da ya faɗi dalili ba, kuma a cikin kwanakin ne yake kawo mai duba gida ya bincika masa komai daga rufi har ƙasa. Wani dattijo da muke salla a masallaci ɗaya ya rasa masu saye biyu a jere a daidai wannan gaɓa, saboda an gano abubuwan da shi kansa bai san da su ba. Shi ne ya ce mini: "Ɗana, kada ka bari baƙo ya riga ka sanin gidanka." Don haka na ƙudura in kawo nawa mai duban tun kafin a kafa allon sayarwa a ƙofar gida.

Mutumin farko da na yi magana da shi, dillaliyarmu ce ta ba ni lambarsa. Ya ce da dala 200 zai zagaya gidan tare da ni na awa ɗaya, ya nuna mini abin da ya gani da baki, ba tare da rubuta komai ba. Da na tambaye shi dalilin ƙin rubutawa, bai ɓoye ba: takardar bayyana halin gida da dillalan Texas ke amfani da ita tana tambayar mai sayarwa ko ya karɓi rubutaccen rahoton duba gida a cikin shekara huɗu da suka wuce, kuma idan babu rubutu, babu abin da za a lissafa. Wannan amsa ce ta raba ni da shi. Dokar jihar ta wajabta wa mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ko a takarda ya gan shi ko a kunne aka raɗa masa, saboda haka dabarar ba ta ma kare mutum daga shari'a. Ban da wannan, tun muna yara aka karantar da mu cewa wanda ya yi algus a ciniki ba ya cikinmu, kuma ban ga bambanci ba tsakanin mai ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙasan buhu da mai shafa fenti a kan silin da ke yoyo. Ban zargi dillaliyar da mugun nufi ba, amma la'adarta tana rataye ne da kammaluwar ciniki, kuma wanda take aika wa aiki a kai a kai ya san irin rahoton da ba ya ɓata ciniki.

Daga nan na koma nema da kaina. Hukumar TREC, wadda ke kula da harkar dillancin gidaje a Texas, ita ce ke ba masu duba gida lasisi, kuma a shafinta na intanet kowa na iya sa suna ko lambar lasisi ya ga ko yana aiki, ya kuma ga ko an taɓa hukunta mai shi. Lasisin mataki uku ne, daga mai koyo zuwa matsakaici zuwa ƙwararre, kuma na mataki na ukun ne kaɗai ke aiki ba tare da wani na sa masa ido ba. Hukumar tana kuma buƙatar mai lasisi ya riƙe inshorar da ta kai dala 100,000. Na ware mutum huɗu, na roƙi kowannensu ya aiko mini da rahoton da ya taɓa rubutawa a kan tsohon gida irin nawa. Biyu sun aiko da samfurin talla mai ƙyalƙyali na sabon gida, ɗaya bai amsa ba, na huɗun kuwa ya aiko da rahoto na gaske bayan ya shafe suna da adireshi. Mutum ne da ya fara da aikin kafinta a wuraren gini kafin ya koma duba gidaje, kuma ɗan ASHI ne, ƙungiyar masu duba gidaje ta Amurka, wadda aka kafa a 1976, wadda ƙa'idarta ta hana ɗan ƙungiya karɓar kwangilar gyara abin da ya duba har sai an shekara. Na tambaye shi ko zai haɗa ni da mai gyara idan ya ga ɓarna, sai ya ce ba ya ba da suna ɗaya, sai dai uku ko babu. Kuɗinsa dala 575 ne, kusan ninki uku na mutumin farko.

Ya iso da ƙarfe takwas na safe a wata ranar Yuni, bai tafi ba sai bayan sha biyun rana. Ya kafa tsani ya hau rufin da ƙafarsa, bai tsaya a ƙasa yana hange ba, sannan ya shiga sararin da ke tsakanin silin da rufi, inda zafin Houston a wannan wata yake kamar tanderu, ya yi fiye da rabin awa yana rarrafe da tocila. A can ne ya gano abin da ya fi tayar mini da hankali. Lokacin ƙanƙarar watan Fabrairun 2021, wadda ta kashe wutar lantarki a mafi yawan Texas ta kuma farfasa bututun ruwa a gidaje marasa adadi, namu ma ya fashe a sama da ɗakin yara, muka samu mai aikin famfo da ƙyar ya gyara. Ashe mutumin ya haɗa bututun jan ƙarfe kai tsaye da tsohon bututun baƙin ƙarfe na gidan, ba tare da ya sa mahaɗin da ke raba su ba, kuma idan waɗannan ƙarafa biyu suka haɗu da ruwa a tsakaninsu, baƙin ƙarfen ne ke cinyewa. Mai duban ya ɗauko mini hoton mahaɗin ya yi jawur da tsatsa, ga ɗigon ruwa a ƙarƙashinsa ya jiƙa audugar da ke tare zafi. Shekara uku muna kwana a ƙarƙashin wannan ba mu sani ba. A wurin ne kuma tukunyar dumama ruwa take, kamar yadda ake yi a gidajen Houston da yawa, kuma farantin da ke ƙarƙashinta don tare yoyo ya ruɓe, bututun da ya kamata ya fitar da ruwan waje ma ya cire.

Akwatin rarraba wutar gidan na kamfanin Federal Pacific ne, irin wanda aka riƙa sawa a gidajen Amurka daga shekarun 1950 zuwa na 1980. Ya bayyana mini cewa an daɗe ana kuka da makunnansa saboda wasunsu ba sa yanke wuta idan nauyi ya yi wa waya yawa, kuma kamfanonin inshora da dama ba sa son gidan da ke da shi, wanda hakan na iya hana mai saye samun bashin banki. Bai tsoratar da ni ba, bai kuma rage wa maganar nauyi ba. Ya ce duk mai duba gida da ya san aikinsa zai rubuta wannan, saboda haka gara in canza shi a farashin da na nemo da kaina, maimakon farashin da mai saye zai ƙiyasta cikin fargaba.

A kan harsashin ginin ne na fi ganin tsantseninsa. Ƙasar Houston yumɓu ce da ke kumbura da damina ta tsuke da fari, har mutane kan shimfiɗa tiyo a gefen bango suna ba harsashi ruwa lokacin zafi, kuma bayan farin 2023 ƙofar ɗakinmu ta fara cijewa, wata siririyar tsaga ta bi layin bulo a bangon yamma. Ya auna tsayin daɓen a wurare da yawa, ya zana taswirar gidan ya rubuta lambobin a kai, ya ce akwai gangara kaɗan zuwa kusurwar yamma. Da na matsa masa ya faɗa mini ko sai an yi wa gidan turaku a ƙasa, sai ya ce wannan hukuncin injiniyan gini ne, ya kuma gargaɗe ni da kada in kira kamfanin gyaran harsashi ya duba mini kyauta, domin mai sayar da turaku da wuya ya ga gidan da ba ya buƙatarsu. Na biya injiniya daban, ya rubuta cewa motsin bai wuce ƙima ba, ya ba da shawarar gyara magudanar ruwan sama a wannan gefen.

Rahoton ya iso washegari a kan fom ɗin da TREC ta wajabta, inda kowane sashe ke da akwati huɗu: an duba, ba a duba ba, babu shi a gidan, ko yana da naƙasu. Akwatin "ba a duba ba" ne ya sa na amince da mutumin fiye da komai. Ya rubuta cewa bai ga bangon gareji na arewa ba saboda kantocin kayanmu sun rufe shi, bai isa wani lungu na saman silin ba saboda rufin ya yi ƙasa, kuma bai ga bututun ƙazantar da ke binne a ƙarƙashin daɓe ba. Wanda ya yarda ya rubuta iyakar idonsa, na fi sakin jiki da abin da ya ce ya gani.

Duk da haka aikin yana da nasa gazawar, kuma shi ya sa ban ambaci sunan kamfanin ba. Rahoton shafi 58 ne, kuma babu taƙaitawa a gaba da ke ware babba daga ƙarami. Makunnin fitila da ya karye da akwatin wutar da ke iya tayar da gobara duk alama ɗaya suka samu. Abubuwa da yawa da aka yi wa alamar naƙasu, kamar rashin soket mai yanke wuta da kansa a kusa da wurin wanke kwanuka, ba lalacewa ba ne, ƙa'idar gini ce ta canza bayan 1977, kuma ko da yake gabatarwar fom ɗin ta yi bayanin haka, mai saye da ke karantawa a waya ba zai tsaya ya bambance ba. Uwargida ta karanta shafi goma ta ajiye, ta ce: "Malam, anya wannan gidan zai sayu kuwa?" Sai da na kira shi muka yi minti arba'in a waya yana jera mini abubuwan bisa muhimmanci, aikin da ya kamata ya kasance a shafin farko. Yarjejeniyar aikin ma da daddare ya aiko da ita ana gobe zai zo, kuma a cikinta akwai sharaɗin cewa idan ya yi kuskure, abin da zai biya ba zai wuce kuɗin da na ba shi ba. Na fahimci cewa sharaɗi ne da ya zama ruwan dare a sana'ar, amma ya kamata mutum ya gan shi tun yana da damar neman wani. Binciken gara kuma bai shiga cikin kuɗin ba, domin lasisinsa daban ne, a hannun ma'aikatar noma ta jihar yake, sai da na ƙara biya aka kawo wani.

Babban abin da nake riƙe da shi a kansa shi ne batun bututun ƙazanta. A shafi na 41 ya rubuta layi ɗaya cewa gidajen wannan zamani sukan kasance da bututun ƙarfen zubi a ƙarƙashin daɓe, kuma yana da kyau mai aikin famfo ya gwada su. Layi ɗaya ne a tsakiyar abubuwa ashirin, kuma a wayar da muka yi bai ɗaga shi sama ba, ni ma na wuce shi. Mutumin da ya ga gangarar daɓe a gefen da bandaki yake, ya kuma san cewa yoyon ƙarƙashin ƙasa na iya motsa yumɓu, ya kamata ya haɗa mini waɗannan biyun da babbar murya.

Mun canza akwatin wuta, mun gyara mahaɗin bututu da farantin tukunya, mun gyara magudana, sannan muka haɗa rahoton da rasiɗan gyara da takardar injiniya da takardar bayyana halin gida, inda na rubuta har da cewa ruwan guguwar Harvey na Agustan 2017 ya kai bakin gareji amma bai shiga ɗaki ba. Mai saye na farko ya karanta ya janye tun kafin ya yi tayi, kuma hakan bai ci mana ko kwana ɗaya ba. Na biyun ya sa hannu, ya kawo nasa mai duban, wanda bai samo wani sabon abu mai nauyi a sama ba. Amma ya nemi izininmu a rubuce ya kawo mai aikin famfo, aka toshe bututun ƙazanta aka cika shi da ruwa, ruwan ya sauka, aka zura kyamara aka ga tsaga a ƙarƙashin bandaki. Dala 6,500 muka rage masa, kuma na tabbata da mun gano tun farko da mun nemi farashi daga wurare uku cikin natsuwa.

Ga mai sayar da tsohon gida a Houston, musamman wanda ya haura shekara talatin, ina ba da shawarar irin wannan aiki da irin wannan mutum, da sharaɗin a nemi yarjejeniyar tun ranar da aka yi waya, a nemi ya rubuta taƙaitawa bisa muhimmanci, a kuma biya gwajin bututun ƙasa a mako guda da shi. Da muka sami gidan da muke so a Dallas na kira shi ko zai zo ya duba mana, ya ce tafiyar ta yi masa nisa kuma bai san ƙasar can kamar yadda ya san ta Houston ba. Ya aiko mini da sunaye uku, kowanne da lambar lasisinsa, ya ce in duba su a shafin hukuma kafin in kira ko ɗaya.