Na gwada ƙananan bindigogi kala kala kafin na tsaya kan Walther PDP F, ga yadda na gani

Abu na farko da zan faɗa wa duk mace ko namiji mai ƙaramin hannu shi ne ƙanƙantar bindiga daban, dacewa da hannu daban. Ni ina zaune a jihar Texas ta Amurka ne kuma hannuna ƙarami ne sosai, safar hannu ma mafi ƙanƙanta nake sawa a wajen aiki, kuma da na fara neman fistol na ajiya a gida duk shagon da na shiga sai su ɗauko min wadda ta fi kowacce ƙanƙanta su ce ai wannan ce ta mata. Wani mai shago har libarba ya miƙo min, irin ƴar gajerar nan mai harsashi 5, wai ba ta da wahalar sha'ani. Eh ba ta da wahala a ido, amma kunamarta sai ka ja nauyin kusan fam 12 kafin ta tashi, ni yatsana ma da kyar yake kaiwa balle ya ja, ga ta ba nauyi don haka duk ƙarfin harbin a tafin hannunka yake sauka.

Abin da ya taimake ni shi ne filayen koyon harbi na nan suna ba da hayar bindiga, ka biya kuɗi kaɗan ka sayi harsashinsu ka gwada wacce kake so. Malamar da ta koya min ta nuna min yadda ake auna dacewa, bayan an cire magazin wato gidan harsashi an leƙa an tabbatar babu harsashi a ciki, sai ki sa bayan mariƙin daidai tsakiyar kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, hancin bindigar ya miƙe layi ɗaya da sangalin hannunki, to a haka naman kan manuniyarki ya kamata ya kwanta a kan kunamar ba tare da kin murɗa hannu ba. In sai kin zagayo da hannun gefe kafin yatsa ya kai, bindigar ta yi miki girma ko da kuwa a aljihu take shiga, domin in kin harba tokarin zai faɗa kan gaɓar babban yatsa kuma saitin zai dinga kaucewa gefe.

Glock 19 na fara da ita tunda kowa ita yake yabo, harsashi 15 take ɗauka kuma gaskiya bindiga ce ta amana, kawai dai mariƙinta mai kauri ne saboda harsasan layi biyu suke jeruwa a ciki, hannuna bai zagaye ta ba. Glock 43X da suka fitar a 2019 ta fi siranta, harsashi 10, ita kam na iya riƙewa lafiya lau kuma da ba ta da abokiyar gasa da ita zan ɗauka.

Sig P365 kuwa a riƙo ba wadda ta kai ta zama a hannuna. Tun 2018 da ta fito ta girgiza kasuwa saboda ƴar mitsitsiya ce amma tana cin harsashi 10, nauyinta wajen rabin kilo. To amma nan ne lissafin yake canzawa, harsashin 9mm ɗin da ake sa wa babbar bindiga shi ne dai ake sa mata, ita kuma ba ta da nauyin da za ta shanye ƙarfin, sai hancin ya dinga zabura sama duk harbi, ga sifirin ɗin da ke mayar da murfin samanta da tauri saboda gajarta. Mai ƙarfin wuyan hannu ba zai damu ba, ni kam in na ɗan jima ina harbi sai hannun ya gaji in fara runtse ido tun kafin ƙarar ta tashi, kuma wannan ɗabi'ar in ta kama mutum fitarta sai an sha wuya.

Akwai Shield EZ ta Smith & Wesson, wadda aka yi musamman don masu raunin hannu, jan murfin samanta wato silaid kamar buɗe durowa, magazin ɗin ma yana da ɗan maɓalli a gefe da kake dannewa ƙasa ka zuba harsashi ba tare da babban yatsa ya yi tsami ba. Harsashi 8 take ɗauka. Tana da wani makullin tsaro a bayan mariƙi wanda sai tafin hannu ya danne shi za ta tashi, wasu suna son haka wasu ba sa so. In da dattijuwa ce ko mai ciwon gaɓoɓi ta tambaye ni ita zan ce ta fara gwadawa.

Wadda na saya dai Walther PDP F-Series ce mai hanci inci 3.5. Kamfanin Jamus ne, sun fito da wannan samfurin a 2022 kuma da gangan suka gina shi a kan awon hannun mata, suka rage kaurin mariƙin, suka matso da kunamar kusa, suka kuma sassauta jan silaid ɗin da kusan kashi 20 cikin ɗari a faɗarsu. Abin mamakin shi ne ba ƙaramar bindiga ba ce can can, harsashi 15 take ci kamar Glock 19, amma ranar da na riƙe ta yatsana ya sauka kan kunama ba tare da na gyara riƙo ba, kuma ɗan ƙarin nauyin nata shi yake sa in ta harba ta dawo saiti da wuri. Kunamar tana da laushi, fam 5 da ɗoriya, kana jin daidai inda bindigar za ta tashi. Maɓallin sakin silaid dogo ne kuma yana ɓangarori biyu, babban yatsana yana kai masa, wanda a yawancin bindigogi sai na sa ɗaya hannun. Na biya sama da dala 600, ban da kuɗin kube da harsashin atisaye, shi harsashin nan shi ne yake cin kuɗi a hankali ba ka sani ba.

Ba wai ba ta da nata ba fa. Tana da faɗi da nauyi in aka kwatanta da P365, wacce take son ɗaurawa a ƙugu ƙarƙashin riga yini guda za ta ji a jikinta, kodayake mu masu sa abaya da manyan riguna ɓoyewa ba matsalarmu ba ce. Kuma ba ta da makullin tsaro na babban yatsa, tsaron yana jikin kunama da cikin injin, don haka kube mai tauri da ya rufe kunama gaba ɗaya dole ne. Ni tawa ma a gida take zama cikin akwatin ƙarfe mai lambobi saboda yara, wannan akwatin kuwa tun kafin bindigar ta shigo gidan na saye shi.

Maganar doka, a nan in za ka sayi fistol wajen dila mai lasisi sai ka kai shekara 21, ka cike fom 4473, su tura sunanka binciken FBI. Mai katin zama na dindindin yana iya saya, amma wanda ya zo da bizar karatu ko ziyara a ƙa'ida an hana shi sai da wasu keɓantattun dalilai, kar wani ɗalibi ya je ya jawo wa kansa kora. Texas tun Satumban 2021 ta ba da damar yawo da fistol ba tare da lasisi ba, duk da haka ni na shiga ajin lasisin saboda a can ake bayanin wuraren da aka haramta shiga da ita. Ƴan uwa na Najeriya kuma wannan bayanin ba naku ba ne, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai ga farar hula.

Silaid ɗin da mata da yawa suke cewa ba sa iya ja, yawanci dabara ce ta yi ƙaranci, kar ki kama shi da yatsu biyu daga baya, ki dafe shi ta sama da tafin hagu kusa da ƙirjinki, hancin yana kallon inda ba kowa kuma yatsa nesa da kunama, sai ki tura bindigar gaba da hannun dama da ƙarfi lokaci guda. Da wannan dabarar har Glock 19 ɗin ma ina ɗana ta, riƙon ne dai har yanzu bai zauna min ba.