Motif da konsit: ina suka rabu?

'Yar'uwa, kin ce kin ga motif da konsit a darasin nazarin waƙa, kuma duk biyun sun yi miki kama da hoton da marubuci ya riƙe bai saki ba. Nan kam sun yi kama. Sai dai motif dawowa yake yi, konsit kuwa miƙewa yake.

Motif abu ne da ake ta cin karo da shi a cikin aiki guda: kalma, launi, sauti, wani kaya, ko wani yanayi. Ki ɗauka kina karanta labarin da agogon bango ya tsaya ranar da maigida ya rasu. Can a tsakiya ɗansa ya ɗauko shi zai gyara, ya fasa. A babin ƙarshe jika ta sa masa batir. Ba inda marubucin ya ce agogon nan kaza ne. Mai karatu ne ke haɗa wuraren uku, ya gane ana maganar gidan da ya kasa wuce makoki. Haka jini yake a wasan kwaikwayon Macbeth na Shakespeare: soja jina-jina a farko, hannuwa bayan kashe Sarki Duncan, sannan matar Macbeth tana wanke hannu cikin barci tabon ya ƙi fita. Kada dai a rikita shi da jigo, kuskuren da ɗalibai suka fi yi. Jigo shi ne saƙon, motif kuwa abin da ido ko kunne ke iya kamawa ne, wanda ke ta tunatar da saƙon.

Konsit yana da alaƙa da kalmar Italiyanci mai nufin tunani ko dabara. A Turancin yau da kullum kalmar na nufin ji da kai, amma ba wannan ake nufi a adabi ba. Danginsa mafi kusa a nazarinmu shi ne doguwar siffantawa, da ƙarin sharuɗɗa biyu: abubuwan da aka haɗa su yi nisa da juna har mutum ya ce me ya haɗa kifi da kaska, sannan mawaƙin ya tsaya ya kafa hujja mataki-mataki har ki yarda.

Misalin da ya fi shahara na mawaƙin Ingila John Donne ne (1572 zuwa 1631). A wata waƙar bankwana ya kwatanta kansa da masoyiyarsa da ƙafafun kamfas, wannan na zana da'ira a darasin lissafi. Ita ce ƙafar da aka kafe a tsakiya, shi ne mai yawo. In ya yi nisa sai ta karkata wajensa, in ya dawo ta miƙe, kuma tsayuwarta daram ce ke sa da'irarsa ta cika ya ƙare inda ya faro. Ni wannan wurin ne ke burge ni, domin ƙarfen aji mara rai ya faɗi abin da fure da wata ba su iya faɗa ba game da rabuwa. Ba kowa ya so salon ba. A 1779 Samuel Johnson, manazarcin adabi ɗan Ingila, ya soki mawaƙan wannan layi da cewa da ƙarfin tsiya suke ɗaure tunanin da ba su da dangantaka. Yana da gaskiya a kan masu rauni cikinsu, amma kamfas ɗin Donne ya tsira daga zargin.

Ga nawa, don ki ga yadda ake ginawa. A ce bege bashi ne. Kullum ina biya da rashin barci, kullum yana ƙaruwa. Wanda ake bi bashi yakan ɓuya wa mai binsa, ni kuwa neman mai bina nake. Kuma ba na fatan in gama biya, don ranar da na gama babu sauran abin da zai kawo ta ƙofata. Kin ga kowace jimla ta hau kan ta baya.

Wannan ne gwajin da nake amfani da shi. Cire fitowa ɗaya ta agogon nan, labarin zai ɗan rage armashi amma motif ɗin na nan. Cire mataki ɗaya daga maganar bashi, jimlar ƙarshe ta rasa ƙafa. Sannan motif ba dole ya zama kwatanci ba, jinin Macbeth jini ne na gaske a cikin wasan. Konsit kuwa kwatanci ne tilas, kuma yana iya zuwa sau ɗaya tak, a baiti uku, a wuce.

Suna iya haɗuwa. In marubucin nan ya riƙa dawo da maganar bashi babi bayan babi, da takardar shaida a nan, da mai tsaya wa mutum a can, to konsit ɗin ya zama motif ma, kuma a jarrabawa sai ki ambaci duka biyun ki nuna inda kowanne ya yi aiki.