Shekara ɗaya da jan akwatin Scarlett 2i2 a ɗakin zaure, ga yadda na same shi

Samari sun dame ni da tambayar kayan da nake ɗaukar waƙa da su, wasu in sun ji sautin sai su ɗauka a Zoo Road na biya kuɗin situdiyo, alhali ɗakin zaure ne na gidanmu, katifata ma tana jingine a bango. To yau bari in zauna in bayyana, musamman kan ɗan jan akwatin nan Focusrite Scarlett 2i2 tunda shi ne ya fi cin kuɗina kuma shi aka fi tambaya.

Ga wanda bai sani ba, aikinsa shi ne ya tsaya tsakanin makirufo da kwamfuta, ya ɗauki muryarka ya ƙara mata ƙarfi ya miƙa ta ciki a tsabtace. Kamfanin na Ingila ne. Nawa na zubi na uku ne wanda ya fito a 2019, akwai sabo na huɗu da ya fito a 2023 mai saita ƙarfin sauti da kansa, amma wallahi ban ga abin da zai sa in sayar da nawa ba tukuna. Kafa biyu gare shi ta shigar da sauti, wato ni da mai amshi za mu iya shiga lokaci ɗaya, ko murya a ɗaya fiyano a ɗaya. Abin da ya fi burge ni kuwa ba ya buƙatar soket, daga kebur ɗin USB yake shan wuta, in an ɗauke wuta ana tsakiyar baiti ba abin da ya dame ka matuƙar batirin kwamfutarka na da rai. Duk wanda ke zaune a ƙasar nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai ɗan zoben haske a jikin abin murɗa sautin, in kore ne kana lafiya, in ya yi ja to ka cika ihu sautin zai fashe. Wannan ɗan abin shi ya koya min abin da bidiyoyin YouTube goma ba su koya min ba. Sai maɓallin Air da ake ta zuzutawa, yana ɗan ɗaga saman murya ta yi sheƙi, a muryar mata yana daɗi, ni dai a tawa kashe shi nake don muryata da ma siririya ce.

Inda na yi wauta a makirufo ne. Na sayi Audio-Technica AT2020 don kowa shi yake yabo, kuma gaskiya makirufo ne mai kyau ba ƙarya, irin mai saurin ji ɗin nan da sai ka danna maɓallin 48V a akwatin kafin ya yi aiki. Matsalar ita ce jin nasa ya yi yawa wa unguwa irin tamu. Ranar farko da na saurari abin da na ɗauka har da hon ɗin adaidaita, da janaretan mai cajin waya na bakin layi, da akuyar maƙwabta, kai har muryar Hajiya tana kiran ƙanina ya kawo mata bokiti duk sun shiga waƙar soyayya. Ba laifin makirufon ba ne, an yi shi ne don ɗaki mai shiru. Daga baya wani abokina mai kiɗan biki ya ara min Shure SM58 ɗinsa, wannan mai kan ƙwallon da kake gani a hannun masu wa'azi da mawaƙa, tun 1966 ake yin sa. Sai ka matso da baki yake jin ka sosai, hayaniyar nesa kuma kaɗan yake kwasowa. Da zan koma baya da shi zan fara. Amma a kula, jabunsa sun cika kasuwa, ni kaina wani mai shago ya taɓa miƙo min ɗaya a kwali mai kyau, ina ɗagawa na ji shi sakayau kamar gwangwanin madara na ajiye masa abinsa.

Yanzu AT2020 ɗin sai bayan sha biyun dare nake fito da shi, in kashe fanka, in rataya barguna biyu a bayana, in jingina katifa a kusurwa, gumi na zuba ina waƙa. Kwalin ƙwai da mutane ke mannawa a bango kuwa ɓata lokaci ne, bargo mai kauri ya fi shi nesa ba kusa ba. Kuma lokacin hunturu ka dinga mayar da makirufon jakarsa don ƙura ba ta yi masa daɗi.

Wani abu da ya kusa haukata ni, wata ƙara zzzz a ƙasan sauti duk sanda aka tada inji. Na canza kebur har sau biyu, ashe cajar kwamfuta ce ke jawo ta, ina zare caja tsit. Tun daga nan a kan batir nake ɗaukar murya.

Sai manhajar ɗaukar murya da haɗa kiɗa a kwamfuta. Mu nan kowa FL Studio, na kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam, abin dariya kwamfutar tawa ma 'yar Beljiyam ce irin ta gwanjo da na saya a Beirut Road. Wajen haɗa kiɗa ba ta da na biyu a wurina, kuma in ka saya sau ɗaya duk sabon da suka fitar kyauta ne har abada. Amma ka buɗe ido, kala-kala ake sayar da ita, mafi arhar mai suna Fruity ba a yi ta don ɗaukar murya ba, sai Producer zuwa sama, ta gwaji kuma za ta bar ka ka adana aiki amma ba za ta sake buɗe maka shi ba sai ka biya. Na san yawancinmu ta sata ake sakawa, ni na daina tun da wata ta shigo min da ƙwayar cuta na rasa waƙoƙi huɗu. Wanda murya kawai zai ɗora kan kiɗan da furodusa ya turo masa, Reaper ta ishe shi, dala 60 ce, akwai gwajin kwana 60, kuma ba ta da nauyi ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukarta. Akwatin ma yana zuwa da Ableton Live Lite kyauta in ka yi rajista, ni dai ban saba da ita ba. Ko wacce ka zaɓa ka sauke direban Focusrite ɗin, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta yi aiki da akwatin, ka sa bafa, wato saitin da ke rage ko ƙara jinkirin sauti, a 128 lokacin ɗauka, in ba haka ba za ka dinga jin muryarka tana makara a hedfon kamar mai magana a rijiya. Gyaran murya irin na otocun da waƙoƙinmu ba sa rabuwa da shi, MAutoPitch kyauta ce kuma tana yi daidai gwargwado.

Bidiyo ba zan ja ba don da waya nake yi. Haske ya fi kyamara muhimmanci, ka fuskanci taga da hantsi ko ka fita bayan la'asar. In a ɗaki ne da ƙwan lantarki ka ga hoto na ƙyaftawa, mayar da shi firam 25 ko 50, wato yawan hotunan da kyamara ke ɗauka a daƙiƙa, in wayarka ta yarda, saboda wutarmu mai zagaye 50 ce a daƙiƙa. Kafin ka fara ka tafa hannu sau ɗaya, da wannan tafin za ka daidaita sautin akwati da hoton waya. CapCut nake haɗawa da ita. Na gwada DaVinci Resolve don kyauta ce kuma wajen gyaran launi ta fi, amma kwamfutata mai ram 8 sai ta dinga nishi kamar tsohuwar tifa a hawa, na haƙura.

Shin zan sake sayen Scarlett ɗin? Eh. In kai kaɗai ne ba mai amshi, ƙaramin mai suna Solo ya wadatar, ka rage kuɗin ka sayi hedfon mai rufe kunne ruf da ƙafar makirufo mai ƙwari, don tawa ta arha sau biyu tana kifewa, yanzu bulo na ɗora mata.