Kwamfutar ofis mai sauƙin kuɗi daga wani shago a Adum

A cikin shagunan kayan kwamfuta da ke Adum, a tsakiyar Kumasi, akwai wani ƙarami da ya cancanci 'yan'uwanmu na Aboabo da Asawase su san irin aikinsa, musamman masu riƙe wa 'yan kasuwa lissafi ko buga takardu a gida. Aikina bai wuce Excel da Word da taron Zoom ba, kuma tun farko na shaida wa mai shagon haka, tare da iyakar abin da aljihuna zai iya ɗauka.

Na je da niyyar sayen furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, ƙirar Intel Core i3-12100F saboda arhar da na gani, amma ya hana ni, ya bayyana mini cewa harafin F na nufin ba ta da sashen fitar da hoto, don haka sai an ƙara kuɗin katin hoto kafin allo ya nuna komai. A madadinta ya ba ni AMD Ryzen 5 5600G, wadda ta fito a 2021, mai cibiyoyin aiki shida da sashen hoto na Radeon a cikinta, ga fanka a kwalinta. Ɗan kasuwar da zai iya sayar maka da abu biyu amma ya nuna maka ɗaya da zai wadatar, ya cancanci a yaba masa.

Wajen madabod, wato babban faifan da ake haɗa dukkan sassan kwamfuta a kansa, ya zaɓi ƙirar A520 mai soket AM4, wato mazaunin furosesa. Akwai B450 na hannu da ya fi arha, sai dai tsofaffinsu ba sa gane wannan furosesa har sai an sabunta BIOS, wato manhajar da ke tayar da madabod, B550 kuwa tsadarsa ba ta da amfani sosai a nan, tunda wajen saurin aika bayanai tsakanin sassa 5600G ba ta wuce matakin PCIe 3.0 ba.

Inda ya fi tsayawa shi ne RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke amfani da ita yayin aiki, kuma a nan ne na ga ƙwarewarsa. Ya nace a sa guda biyu masu gigabait 8 kowanne, DDR4 mai gudun 3200, maimakon guda ɗaya mai 16, domin sashen hoton da ke cikin furosesar daga RAM yake ɗibar wurin aikinsa, kuma idan biyu ne bayanai na bin hanya biyu a lokaci guda. Jimillar ɗaya ce, farashin ma kusan ɗaya, amma ko da na buɗe shafukan intanet da yawa ana cikin taro, injin ba ya jan ƙafa. Windows 11 ta hau lafiya, abin da ke da muhimmanci tunda Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025.

Mai saye ya sani cewa ramin RAM biyu kacal ne a madabod ɗin da na samu, kuma AM4 tsohon tsari ne, domin AM5 mai aiki da DDR5 ya fito tun 2022. Ga aikin ofis wannan bai dame ni ba.

Abin da bai yi mini daɗi ba shi ne sabbin kaya da na hannu a kanta ɗaya suke, kuma rasidin bai ambaci garanti ba sai da na nemi a rubuta. Duk wanda zai je, ya buƙaci a buɗe kwalin a gabansa, a kuma rubuta lambar kowane kaya da tsawon garantinsa kafin ya biya ko sidi ɗaya.