Filin ƙwallon unguwarmu bayan gyara: abin da ya yi kyau da abin da ya rage

Filin da ke bayan makarantar firamaren unguwarmu a nan Kano ya sha gyara, kuma tun da aka buɗe shi iyaye suke tare ni a bakin shago da tambaya: ya cancanci kuɗin da ake karɓa? Za a iya tura ƙaramin yaro can? Sana'ata walda ce, da yamma kuma ina horar da yara 'yan ƙasa da shekara goma sha uku, don haka na duba wurin ta ɓangaren ƙarfe, na kuma duba shi ta ɓangaren ƙafar yaro. Amsata ita ce e, ya cancanta, ku tura 'ya'yanku. Sai dai akwai lokutan da ban yarda a tura su ba, akwai kuma abubuwan da in ba a kula da su ba, filin zai koma gidan jiya kafin yaran da ke hannuna su gama sakandare.

Ga wanda bai san wurin a da ba, fili ne na jar ƙasa, gefe guda bola, gefe guda kududdufi da ke cika da damina. Babu raga sai duwatsu biyu. Magariba na yi masu shaye-shaye su karɓe shi. Kwamitin unguwa ne ya nemi izini, wani ɗan kasuwa da ya tashi a layinmu ya ɗauki kaso mafi tsoka na kuɗin, ragowar aka yi karo-karo. An kwashe bolar, an cike kududdufin, an zagaye wurin da waya, aka raba shi gida biyu: ƙaramin fili mai ciyawar roba na 'yan biyar-biyar wanda ake haya da awa, da babban fili na ƙasa da aka baje aka zuba wa yashi, shi kuma kyauta ne. A kewaye akwai hanyar tafiya ta intalok, da bencina, da banɗaki, da wurin alwala, da fitilun sola.

Bari in fara da abin da na fi sani. Ba ni aka ba aikin ƙarfen ba, amma wanda ya yi shi ya iya hannunsa. Ragar babban filin ta cika ma'aunin doka, faɗi mita 7.32, tsayi mita 2.44, na sa tef na auna. Bututun mai kauri ne. An zagaye kusurwoyin da walda gaba ɗaya, ba ɗigo-ɗigo ba, aka bi da giranda har ta yi sumul, babu tsinin da zai yanki hannun gola. An shafa jan fentin hana tsatsa kafin a ɗora fari. Abin da ya fi faranta min rai shi ne an binne ƙafafun cikin siminti. Yara suna son lilo a jikin sandar sama, babu tsawar da za ta hana su, kuma ragar ƙarfe da ba a kafe ba in ta kife a kan yaro tana iya kashe shi. Ƙananan ragogin da ake ɗauka a matsar, su ma an yi musu kunnuwa a baya da ake sokewa da turaku. Ina roƙon duk kocin da zai yi amfani da su ya soke turakun nan, ko da wasan na minti goma ne.

Wayar shingen kuwa ba ta kai ragar inganci ba. Siririya aka saya, kuma ba a gitta mata ƙarfe a tsakiya ba, sai sama da ƙasa kawai. A bayan raga, inda ƙwallo ke dukanta kullum, ta riga ta yi ciki, a wuri guda ma ta fara ɓallewa daga jikin turke. Gyaran bai wuce na yini ɗaya ba: a ƙara ƙarfe a tsakiya, a rataya ragar zare a gabanta ta riƙa shanye ƙarfin bugu. Na gaya wa shugaban kwamiti cewa in an sayo ƙarfen, waldar a wuyana, ko sisi ba zan karɓa ba.

Ciyawar roba ita ce ke jan idon kowa. Da yawa daga cikinmu a cibiyar wasannin da Ahmed Musa ya buɗe a Kano a 2017 muka fara taka irinta, yau ga ta a bayan gida. Yadda ake yin ta, sai a daddale ƙasa da tsakuwa, a shimfiɗa kafet mai gashin roba, a zuba yashi ya danne shi, sannan a bi da baƙaƙen ƙwayoyin roba da ake niƙowa daga tsofaffin tayoyi. Ƙwayoyin nan su ke tsayar da gashin, su ke sa ƙafa ta ji laushi. Ta nan an shimfiɗa ta da kyau: babu tudu, babu inda haɗi ya buɗe, ƙwallo tana gudu a miƙe. Ga mai koyar da yara wannan ba ƙaramin abu ba ne. A filin da ke da ramuka yaro ba ya ɗaga kai, idonsa na kan ƙwallo saboda bai san inda za ta yi tsalle ba. A nan na ga yaran da na daɗe ina fama da su sun fara duba abokin wasa tun ƙwallo ba ta iso ƙafarsu ba. Wannan kaɗai ya isa in ce kuɗin bai tafi a banza ba.

Amma roba roba ce, tana shan rana. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, saman kafet ɗin ya fi iskar da ke kansa zafi nesa ba kusa ba. Da azahar kamar kaskon suya yake. Yaro mai siririn takalmi zai ji shi har tafin ƙafa, wanda ya faɗi ya zame kuwa fatar gwiwarsa za ta saluɓe. Daga hantsi zuwa la'asar a bazara kada wanda ya kai yaro kansa, ko da an rage kuɗi. Ana kuwa ragewa a waɗannan lokutan, kuma wannan ne abin da ya fi ɓata min rai a tsarin masu kula da wurin, domin wanda arha za ta ja shi ne yaron da iyayensa ba su da hali. Kamata ya yi a rufe ƙofar a lokacin, shi ke nan.

Takalmi ma a kula. Mai dogayen ƙusoshi yana kafewa a kafet, jiki ya juya ƙafa ba ta juya ba, sai gwiwa ta tafi. A nemi mai gajerun haƙoran roba da yawa, ana samun gwanjonsa a kasuwar Ƙofar Wambai.

Sai maganar kula da ita, wadda ba na jin ana yi. Ƙurar hunturu tana sauka cikin gashin ta toshe shi, ya kwanta, filin ya yi tauri ya yi santsi. Maganinsa buroshi a kai a kai, da mayar da ƙwayoyin da suka taru a gefe zuwa bakin raga da tsakiya, inda ƙafa ta fi ci. Na sha zuwa na tarar ba a yi ba. Ƙwayoyin kuma suna bin takalma da safa su fita, ruwa ya kwashe su zuwa kwata. Saboda haka ne ma Tarayyar Turai ta yanke a 2023 cewa daga 2031 za a daina sayar da irinsu don zubawa a filaye. Mu a nan, a ƙalla a sa wurin kakkaɓe takalmi a bakin ƙofa. Sannan kafet irin wannan, ko an kula da shi, shekara takwas zuwa goma yake yi. Idan ba a ware wani abu daga kuɗin haya ana tarawa a asusu daban tun yanzu ba, ranar da ya mutu babu mai sayen wani.

Duk da haka, a wurina mafi darajar abin da aka yi shi ne babban filin ƙasa da aka bari kyauta. Da farko shawarar ita ce a shimfiɗe wurin gaba ɗaya da roba a riƙa haya. A taron da aka yi a ƙofar gidan mai unguwa, wani dattijo ya miƙe ya ce, “Ranka ya daɗe, jikokina ba su da takalmin ƙwallo, balle kuɗin shiga. In aka sa wa filin nan ƙofa da kwaɗo, ina za su?” Aka yi tsit. Ɗan kasuwar nan ya ce, “Baba, na ji. A bar musu babban.” Allah ya saka wa su biyun da alheri.

Ina ganin mutane suna mantawa da inda ƙwallon ƙasar nan ya fito. Nijeriya ta ɗauki kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 sau biyar, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. Kano Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake ci sau uku a jere daga 2012 zuwa 2014. Yawancin samarin da muka yi wa tafi a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata a irin wannan jar ƙasar suka koyi taɓa ƙwallo, ba tare da sun biya kowa ba. Yaran da ke fitowa gasar kofin Ramat da ake yi a Kano ma haka. Yaro yana buƙatar sa'o'i masu yawa da ƙwallo a ƙafarsa, ba awa ɗaya a mako ba, kuma babu uban da zai iya saya masa waɗannan sa'o'in a filin haya.

An yi wa filin ƙasar aiki na gaskiya. An tankaɗe yashin, ban tsinci kwalba ko ƙusa ba. An ba shi gangare kaɗan zuwa lambatun da aka gina a gefe, kuma na ga amfaninsa a watan Agusta: a tafka ruwa da daddare, washegari da yamma mu yi atisaye. Matsalarsa ƙura ce da rani. Famfon yana can wajen banɗaki, babu tiyon da zai kai ruwa a yayyafa, sai yara su yi ta shaƙa suna tari.

Game da kuɗi, hayar awa ɗaya a filin roba in aka raba ta kan mutum goma ba ta yi wa mai sana'a nauyi ba, amma ta fi ƙarfin ɗan makaranta. Shi ya sa aka ware wa yara safiyar Asabar kyauta. Tsari ne mai kyau, sai dai ba kullum ake cika shi ba. Ranar nan na zo da yarana na tarar da manya a ciki. Mai gadi ya ce, “Koci, ka yi haƙuri, awa biyu suka biya.” Na ce, “Malam, yaran nan tun bayan asuba suke shiri, kuma lokacinsu ne a rubuce.” Ya rasa ta cewa, ni ma ban ga laifinsa sosai ba, tunda ba shi ya karɓi kuɗin ba. Kafin manyan su fito rana ta ɗaga, muka koma filin ƙasa. A manna jadawalin a bakin ƙofa kowa ya gani, kada kuma a sayar da lokacin yara ko nawa aka taya.

Hanyar tafiyar ta samu karɓuwa fiye da yadda na zata. Gari na wayewa za ka ga hajiyoyi bibbiyu suna zagaye, wasu likita ne ya ce su motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon suga, a da kuwa sai bakin titi suna kauce wa 'yan adaidaita. Dattawa suna zama a benci da yamma suna kallo, kuma zamansu ya gyara bakin samari ba kaɗan ba. Fitilun sola suna kaiwa har bayan isha, masu shaye-shaye sun bar wurin. Idan aka kira salla ana tsayar da wasa. Banɗakin yana da tsabta, amma ƙofar maza da ta mata suna kallon juna, ya kamata a yi katanga a tsakani. Inuwa babu ko kaɗan. A dasa darbejiya a gefen hanyar tafiya, nesa da kafet saboda saiwa da ganye. 'Yan mata kuma ba a ware musu ko awa ɗaya ba, alhali ɗalibai mata na makarantar da ke jikin filin suna da darasin motsa jiki. A ba su lokacinsu da malama mace, a rufe ƙofa. Akwatin taimakon gaggawa na ofis ma auduga ce kawai a ciki da ragowar bandeji.

Ga iyayen da za su kawo yara: safe kafin rana ta ɗaga, ko bayan la'asar. A ba yaro gorar ruwansa, da doguwar safa, da abin kare ƙwauri. Ƙwallo mai lamba 4 ce ta 'yan shekara takwas zuwa goma sha biyu, mai lamba 5 ta yi musu nauyi. Ranar farko uba ko yaya ya zo da kansa, ya ga kocin ido da ido, ya karɓi lambar wayarsa, ya kuma gaya masa idan yaron yana da asma ko sikila.